Audugar Kafin Dafga, atamfar Sin da kuɗin da ke kwana a tsibirai

Wanda ya haura shekara 40 a Kafin Dafga zai tuna lokacin da kuɗin auduga ke yin aure, ya sayi keke, ya rufa ɗaki da kwano. A ƙasar Karaye da Rogo, manomi kan ware gona guda don auduga saboda ya san akwai mai saye: za a gurje ta, a saƙa ta a masaƙun Kaduna da Kano, ta dawo masa atamfa a kasuwa. Yau gonar ta koma ta masara da waken suya, atamfar da ke cikin lefen 'yarsa kuwa daga ƙasar Sin ta zo.

Ba haka kawai abin ya faru ba. Sin ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a Disambar 2001, sannan a farkon 2005 aka kawo ƙarshen tsarin da ke ƙayyade yawan tufafin da ƙasashe ke sayarwa juna. Manyan kamfanoni suka kwashe aikin saƙa da ɗinki zuwa inda ƙwadago ya fi araha. Masaƙar KTL ta Kaduna, wadda aka kafa a 1957, ta tsaya a 2002, UNTL ta rufe a 2007. A Sharaɗa da Bompai ma injuna da dama sun yi shiru, Kantin Kwari ya cika da kayan waje.

Ban ce laifin na baƙi ne kaɗai ba. Rashin wutar lantarki namu ne, fasa-ƙwaurin da ake yi ta iyakar Nijar ma da hannun 'yan gida. Kuma gaskiya ne atamfa mai araha ta rufa wa talaka asiri. Sai dai arahar ba ta da amfani ga wanda ya rasa inda zai samu kuɗin saye. Ma'aikacin masaƙa ya koma acaɓa, manomin auduga ya rasa kasuwa, su biyun kuma aka ce su yi murna farashi ya sauka.

Ayyukan da suka rage a gida su ma an canja musu fuska. Ɗan yayana ya shekara shida yana ƙirga kuɗi a wani banki a Kano. Rigar bankin yake sawa, sunan bankin yake karewa idan kwastoma ya fusata, amma a takarda ba ma'aikacin bankin ba ne. Wani kamfani ne ya ɗauke shi ya ba bankin haya. Albashinsa bai kai rabin na abokin aikinsa da ke teburin gefe ba, ba ƙarin girma, ranar da aka ce ya tafi kuma saƙon waya kawai aka turo masa. Ya je bankin neman haƙƙinsa aka ce ya nemi kamfanin, ya je kamfanin aka ce bankin ne ya soke kwangila. Masu gadi, direbobi da masu shara a manyan ma'aikatu da yawa haka suke zaune. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne haraji. Manomi daga Kafin Dafga ya kai buhu kasuwar Karaye, kafin ya sauke an yanka masa rasit, a hanya ma an tsayar da motar. Ba shi da inda zai ɓoye buhunsa. Babban kamfani kuwa yana da shi. Zai buɗe reshe a wani tsibiri da ba a karɓar haraji, ofishin da bai wuce akwatin gidan waya ba. Sai reshen Najeriya ya sayar wa na tsibirin kaya a farashi ƙasa-ƙasa, ko ya riƙa biyansa kuɗin ruwa a kan bashi da kuɗin amfani da suna. A ƙarshen shekara littafin nan gida ya nuna ba riba, ribar duk ta bayyana can inda ba a dasa ko itace ɗaya ba. Mafi yawan wannan dabara doka ba ta hana ta ba, abin takaicin ke nan.

Kwamitin da tsohon shugaban Afirka ta Kudu Thabo Mbeki ya jagoranta ya ce a 2015 Afirka na asarar fiye da dala biliyan 50 duk shekara ta haramtattun hanyoyin fitar da kuɗi, kuma kaso mafi girma ta hannun kamfanoni ne. Takardun Panama da aka fallasa a 2016, kimanin miliyan 11.5, sun nuna yadda ake kafa irin waɗannan kamfanonin takarda, da sunayen wasu manyan 'yan Najeriya a ciki.

Mu a Kano ba ma buƙatar misali daga nesa. A 2020 aka dawo wa Najeriya da kusan dala miliyan 311 na kuɗin Abacha daga tsibirin Jersey, fiye da shekara 20 bayan rasuwarsa a 1998. Kuɗin na cikin asusun wani kamfani da aka yi wa rajista a tsibiran Virgin na Birtaniya. Aka ware su don ayyuka uku, ciki har da titin Abuja zuwa Kano. Duk wanda ya bi titin nan a shekarun da kuɗin ke kwance a waje ya san abin da jinkirin ya ci.

Akwai inda gwamnati ta yi daidai, a ganina. A Oktoban 2021 Najeriya ta ƙi sa hannu a yarjejeniyar harajin kamfanoni ta ƙasashe masu arziki, saboda rabon bai yi mata ba. A Nuwamban 2023 ita ce ta gabatar da ƙudurin ƙasashen Afirka na a mayar da tsara dokokin haraji ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya, ƙasashe 125 suka goyi baya, Amurka da Birtaniya suka ƙi.

To amma wanda ya iya tsayawa a New York ya kamata ya iya tsayawa a gida. Majalisar tarayya ta sa doka cewa duk wanda ya shekara biyu yana aiki a wuri ɗaya ya zama cikakken ma'aikacin wurin. Kamfanin da ke neman kwangilar gwamnatin Kano kuma ya fara bayyana sunan mutumin da ya mallake shi da ƙasar da yake biyan haraji, kafin a buɗe takardarsa.