Tudun Rairayi da Sawun Baƙi: Hujjar Killace Mount Baldy

A duk lokacin zafi, iyalai daga birnin Shikago da kewayensa kan yi tururuwa zuwa gaɓar kudancin Tafkin Mishigan a Amurka, inda gandun shaƙatawa na Indiana Dunes yake. Abin da ya fi jan hankalin yara shi ne tuddan rairayi, musamman Mount Baldy mai tsayin kimanin mita 38. Sai dai iyalin da suka isa can a yau za su tarar ba a hawa ƙololuwarsa sai da rakiyar ma'aikacin gandu. Wasu na ganin wannan tauye haƙƙi ne, tunda filin na al'umma ne, kuma da harajinsu ake kula da shi. Ƙorafin yana da kamar gaskiya, amma bai yi la'akari da halin rairayi ba.

Tudun rairayi tafiya yake yi. Iskar tafki ke tura shi, saiwoyin ciyawa ke riƙe shi. A waɗannan tuddai ne Henry Cowles, masanin tsirrai na Jami'ar Shikago, ya yi nazarin da ya wallafa a 1899, inda ya nuna cewa ciyawa ce ke fara kama ƙasa, sannan ƙananan itatuwa su biyo, kafin kurmi ya kafu. Idan dubban sawaye suka tattake ciyawar, tudun ya rasa linzami. Haka Mount Baldy ya yi ta gangarawa yana binne bishiyoyin da ke bayansa.

An ga illar hakan a watan Yulin 2013, lokacin da wani yaro ɗan shekara shida ya rufta cikin rami a kan tudun, rairayi ya rufe shi sama da awa uku kafin a tono shi da rai. Bincike ya gano cewa kututturen bishiyoyin da tudun ya haɗiye ne suka ruɓe, suka bar kogo a ƙarƙashi. Uban da ya san wannan labari ba zai kira shinge zalunci ba.

Gandun kansa da gwagwarmaya aka same shi. Tun a farkon ƙarni na ashirin aka kwashe wani babban tudu mai suna Hoosier Slide, aka sayar da rairayinsa ga masu yin gilashi. A 1952 Dorothy Buell ta kafa ƙungiyar ceton tuddan, Sanata Paul Douglas ya ɗauki batun zuwa majalisa, kuma a 1966 aka killace abin da ya saura a tsakanin masana'antun ƙarfe. Sai a 2019 aka ɗaga shi zuwa cikakken gandun ƙasa. Abin da aka ƙwato daga hannun 'yan kasuwa bai kamata ya salwanta a ƙafar masu yawon buɗe ido ba.

Bahaushe, wanda ke da kalmar jigawa a harshensa, ba baƙo ba ne ga wannan darasi. Manomin Yusufari a Jihar Yobe ya san cewa inda tsiro ya ƙare, nan rairayi ke fara cin gona.

Iyalin da aka hana hawa ba su yi asarar hutunsu ba. Tafkin yana nan, hanyoyin da aka shata suna nan, kuma yaron da ya bi ma'aikacin gandu zuwa ƙololuwa zai sauko da sanin dalilin da ya sa ake barin ciyawa a inda ta tsiro.