Wanda muryarsa ce jarinsa, ba a ce masa ya yi shiru

Duk wanda ya san unguwannin Ladji da Zongo a birnin Kwatano ya san cewa mutane da yawa a can da maƙogwaro suke cin abinci. Ladan na kiran salla sau biyar a yini, malamin allo na biya karatu cikin hayaniyar yara, 'yar talla na kiran masu saye, ɗan kasuwar Dantokpa kuwa sai ya ɗaga murya ta fi ƙarar babura kafin a ji shi. Ga hayaƙin man fetur, ga ƙurar hunturu. Dushewar murya a irin wannan wuri cutar sana'a ce.

Murya na fitowa ne daga wasu tantani biyu da ke cikin maƙogwaro, waɗanda iskar huhu ke kaɗawa. A wurin namiji baligi sukan haɗu su rabu fiye da sau 100 a daƙiƙa guda, a wurin mace kuwa kimanin sau 200. In aka matsa musu da ihu shekara da shekaru, sai su yi kanta, kamar yadda hannun manomi ke yi saboda ƙotar fartanya. Zuma da citta na sanyaya maƙoshi, amma ba sa cire kanta. Yawanci abin da ke cire ta shi ne horon murya: a koya wa mutum yadda zai yi numfashi ya fitar da sauti ba tare da ya shaƙe kansa ba, ya kuma riƙa maimaita atisayen kullum na tsawon makonni.

To, a nan ake yin ta. Wani bincike da aka buga a 2009 daga wata cibiyar kula da murya a Atlanta ta Amurka ya nuna cewa kusan biyu cikin uku na waɗanda suka fara horon ba su kai ƙarshensa ba. Idan haka abin yake a can, ina ga wanda zai rufe shago ya hau acaɓa zuwa asibitin koyarwa na Hubert Maga, ya bi layi, a kuma yi masa bayani da Faransanci?

Akan ɗora laifin a kan majinyaci, a ce ba shi da haƙuri. Ni ban yarda ba. Wanda aka ce wa ya huta da magana na mako biyu, alhali da magana yake ciyar da gidansa, zai ce "to, likita" don ladabi, ba kuma za a sake ganinsa ba. Shawarar da zai iya bi ita ce wadda ta san rayuwarsa: ladan ya matso da bakinsa ga lasifika ya bar na'ura ta yi aikin, malami ya buga allo in yana son a yi tsit, mai azumi ya yawaita shan ruwa tsakanin buɗa baki da sahur. A kuma gaya masa cewa raɗa ba hutu ba ce, tana iya gajiyar da maƙogwaro.

Abin da ya fi shafar ɗaliban Hausa shi ne harshen atisayen kansa. An tsara waɗannan darussa ne a kan sautukan Ingilishi da Faransanci. Daga cikinsu akwai wanda ke hana mutum datse maƙogwaro kafin wasalin farkon kalma, a ce ya sassauta, ya fara da ɗan huci. A Ingilishi datsewar nan ba baƙi ba ce mai zaman kanta. A Hausa kuwa duk kalmar da muke rubutawa da wasali a farko da hamza take farawa, kuma hamza baƙi ce mai zaman kanta. Sa huci a gurbinta, sai "aure" ya koma "haure", "ana" ta koma "hana". Haka ɓ da ɗ da ƙ da ts da 'y, duk da aikin maƙogwaro ake furta su. Karin sauti ma daga tantanin nan yake fitowa, shi ne ke bambanta kukan yaro da kukar miya. Bahaushen da aka koya wa atisayen da ba ya shiga maganarsa ta yau da kullum zai ajiye shi a ƙofar asibiti, kuma yana da hujja.

Ana iya gina atisayen da Hausa. Hanyar da ke amfani da sautukan hanci tana neman m da n, mu kuwa muna da su a wadace: "mama", "nono", "muna nan", "mun ji mun gani". Daga nan a wuce ga gaisuwa da cinikin da mutumin ke yi a zahiri. Wanda ya yi karatun tajwidi ma ya riga ya san gunna da mafitar haruffa, sai a ɗora a kan abin da ya sani. Wannan aiki ne da masanin furuci da mai horon murya za su yi tare, domin ɗaya ya san sautukan, ɗayan ya san cutar.

Sai dai horo ba ya zama madadin duba maƙogwaro. Ƙa'idar likitocin kunne da hanci da maƙogwaro na Amurka ta 2018 ta ce muryar da ta yi mako huɗu a dushe a leƙa ta da na'ura. Mai shan taba kada ma ya jira hakan, domin sau da yawa da dushewar murya sankarar maƙogwaro ke fara bayyana.