Leda da Ramar Gidanmu

'Yan'uwa mata, duk wadda ta ratsa Gyadi-Gyadi ko kasuwar Tarauni da damina ta ga yadda leda ke toshe kwata, ruwa ya taru, sauro ya hayayyafa, yara su kwanta da zazzaɓi. Daga man fetur ake yin leda, kuma takan yi shekaru barkatai ba ta ruɓe ba.

To, yanzu masana suna haɗa wata roba mai ruɓewa da sitacin rogo, su ƙarfafa ta da zaren rama, ramar nan da muke kwaɗawa. Sanin tsiro shi ne tushen aikin. Tun 1916 Likita Dalziel ya tattara sunayen tsirranmu na Hausa cikin littafi, a 2022 kuma lambun Kew na Ingila ya shiga sa hotunan busassun tsirrai wajen miliyan 7 a intanet.

Uwargida, kafin robar nan ta iso mana, ba yaro kwando da kwano in za ki aike shi cefane. Ke kuma 'yar makaranta, tambayi kakarki sunayen tsirrai da amfaninsu, ki rubuta, ki riƙe darasin kimiyya da kyau. Allah ya sa mu gane.