Wa Ya Ce Ba Ruwan Matarsa?

Wannan makon da ƙorafi muka zo.

A ce jami'an haraji sun garƙame shagon wani tela, sun kwashe kekunan ɗinki uku, shi kuma an tsare shi wurin 'yan sanda. Keke ɗaya na matarsa ne, da kuɗin adashinta ta saya. Da ta ce za ta kotu, tun daga tsakar gida za a fara kashe mata gwiwa: "Ke a su wa? Da sunanki aka rubuto takardar?" Mu kam ba mu yarda da wannan magana ba.

Gaskiya ne kotunan Nijeriya sun daɗe suna tambayar mai ƙara mene ne nasa a ciki. A 1981 Kotun Ƙoli ta sallami Sanata Abraham Adesanya, wanda ya ƙalubalanci naɗin shugaban hukumar zaɓe da Shugaba Shagari ya yi, ta ce ba shi da hurumi. Amma a 2009 Alƙalin Alƙalai Idris Legbo Kutigi ya fitar da sababbin ƙa'idojin ƙarar take haƙƙin ɗan Adam. Sun ce kada a kori irin wannan ƙara don rashin hurumi, kuma wani na iya shigar da ita a madadin wani. Ke nan matar telan, ko ƙaninsa, na iya zuwa Babbar Kotu a kan tsarewar. Sashe na 35 na tsarin mulkin 1999 ya ce a kai wanda aka kama gaban alƙali cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40. Bai ce ban da mai bashin haraji ba.

Kekenta fa? Ai ba ma a madadin kowa take magana ba. Ko a Musulunci dukiyar mace tata ce, bashin miji ba ya hawa kanta.

Inda ƙofar ta matse shi ne kan kuɗin da aka yanka masa. Kwana 30 ake ba mai biyan haraji ya ce bai yarda ba, kuma sai shi ko wanda ya wakilta. To idan yana tsare, ko ya tafi ci-rani takardar ta iske iyali a gida? Kwanaki na tafiya, masu cin abinci daga shagon suna kallo. Muna ganin a bar mata ko babban ɗa su shigar da ƙorafin, ko don kada wa'adin ya wuce.

Za a ce masu ƙin biyan haraji za su riƙa ɓoye kaya da sunan matansu. Ana yi, ba mu musa ba. Sai dai aikin alƙali ne ya nemi rasit, ya kira uwar adashi, ya gane mai gaskiya. Ta yaya zai nemi rasit a hannun matar da aka mayar tun daga bakin ƙofa?