Bango Ya Tsage, Magini Yana Barci



A aikina na rubuta wasiƙun Maigida da riƙe lissafin gudummawar jana'iza, wayoyin dattawa da yawa sukan biyo ta hannuna. Makon jiya na duba ta wani dattijo a Maamobi, wadda kuɗin unguwa ke shiga cikinta ta MoMo. Rabonta da facin tsaro, wato gyaran da ke toshe ɓarakar manhaja, shekara uku cur. Wannan sakaci ne da amanar jama'a, kuma yana da masu shi.

Android, manhajar da ke tafiyar da yawancin wayoyinmu, an gina ta ne a kan Linux, kuma rubutunta a buɗe yake ga kowa. Alherin haka shi ne masana da yawa suna iya gano tsagar bango. Amma ranar da aka wallafa gyara, ɓarawo ma yana karantawa, ya san daidai inda tsagar take. Daga ranar har facin ya iso wayarka, ƙadangare yana da wurin shiga.

A 2015 aka bankaɗo ɓarakar Stagefright, wadda ta shafi wayoyi kimanin miliyan 950, ta yadda saƙon bidiyo ɗaya kan iya buɗe wa baƙo ƙofa. Tun watan Agusta na wannan shekarar Google ke fitar da facin tsaro wata-wata, yana kuma sanar da masu ƙera waya aƙalla wata guda kafin a wallafa. To, ina facin ke maƙalewa? A hannun mai ƙera waya, wanda ya riga ya karɓi kuɗinsa.

Kada a ce ba ya yiwuwa. Google ya yi alkawarin shekara bakwai ga Pixel 8 a 2023, Samsung ya bi sahu da Galaxy S24 a 2024. Tarayyar Turai, daga Yunin 2025, ta wajabta aƙalla shekara biyar bayan daina sayar da samfurin. Talakan Nima da ya sayi tasa a Circle fa, sirrinsa ba sirri ba ne?

Wani zai ce yawancin zambar MoMo da daɗin baki ake yin ta. Haka ne. Amma don ɓarawo ya saba bin ƙofa, ba a barin taga a buɗe.

Hukumar NCA, mai ba wayoyi izinin shiga kasuwar Gana, ta sa wa'adin faci cikin sharuɗɗanta, a rubuta shi a jikin kwali. Mu kuma mu daina danna "sai an jima" don tsimin data. Yau kowa ya shiga saitin wayar mahaifinsa, ya duba kwanan watan facin ƙarshe. In ya haura shekara, kada dukiyar jama'a ta sake kwana a cikinta.

Allah ya tsare mana amana. Wassalam.