Lafiya Uwar Jiki: Naman Kazan Reishi da Majinyatan Khartum



Yaƙin da ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilu 2023 ya rufe akasarin asibitocin birnin da na Omdurman, inda 'yan'uwanmu Hausawa suka daɗe da zama. Cibiyar masu ciwon daji ta tsaya, allurar insulin ta yi wuyar samu. A irin wannan ƙunci ne mai tallan ƙwayoyin reishi yake samun masu saurarensa.

Reishi naman kaza ne mai tauri, ja, mai sheƙi, da ke tsirowa a kututturen itace. Sinawa, masu kiransa lingzhi, sun yi ƙarnoni suna shan sa, amma daɗewa ba hujja ba ce. Masanan ƙungiyar Cochrane sun tace binciken da aka yi a kansa. A 2015 ba su ga ya sauke sukari ko hawan jinin masu ciwon sukari ba. A 2016 suka ce babu dalilin fara jinyar ciwon daji da shi, ko da yake akwai alamar yana ɗan tallafa wa garkuwar jiki in an haɗa shi da maganin asibiti.

Abin da mai talla ba ya faɗi: yana iya jinkirta daskarewar jini, don haka mai shan warfarin da wanda za a yi wa tiyata su kiyaye. An kuma samu waɗanda hantarsu ta taɓu.

Mai niyyar taimaka wa majinyacinsa a Omdurman, ya tambayi sunan maganin da likita ya rubuta, ya aika da kuɗinsa.