Gibeyonawa Sun Shigo Wayoyinmu



A Joshuwa sura 9, Gibeyonawa sun zo wurin Isra'ilawa da tsofaffin takalma da busasshiyar gurasa, suna cewa daga ƙasa mai nisa suka fito, alhali maƙwabta ne. Shugabannin suka duba guzurinsu, suka yi musu rantsuwa ba tare da neman nufin Ubangiji ba. Bayan kwana uku gaskiya ta fito, amma alkawari ya riga ya ɗaure su.

Irin wannan ruɗi yana nan a Facebook da Instagram. Mutum zai saci hoton wani, ya ƙago suna, ya cika shafinsa da ayoyi, ya ce shi soja ne ko likita a ƙasar waje mai neman mace mai tsoron Allah. In an ce a yi kiran bidiyo, sai ya kawo uzuri. Da zuciya ta kamu, roƙo ya fara: kuɗin asibiti, kuɗin kwastan, ko hoton tsiraici. Samari ma ba su tsira ba. A watan Yuli na 2024, kamfanin Meta ya rufe asusun Instagram kusan 63,000 a Najeriya, na masu karɓar irin waɗannan hotuna su koma barazanar watsa su in ba a biya su ba.

A ganina, babban makamin mayaudari shi ne ɓoyo. Shi ya sa yake cewa kada a gaya wa kowa tukuna. Soyayyar da ke gudun iyaye da fasto akwai lauje cikin naɗi. Kada ki aika ko sisi ga wanda ba ki taɓa gani ba. Kada ka tura hoton da za ka ji kunya a nuna wa mahaifiyarka. Ku yi addu'a, ku shawarci wani dattijo tun da wuri.

Mu ma a zumunta muna da alhaki. Idan muna yi wa wanda aka damfara dariya, na gaba zai yi shiru, ɓarawo kuma ya ci gaba da tatsarsa. Mu karɓe shi da ƙauna, mu raka shi kai ƙara wurin 'yan sanda ko EFCC.

Kai kuma da ke riƙe da asusun bogi, ko don gwada budurwarka ne, ƙarya ce. Ka goge shi yau, ka tuba.

Ubangiji ya ba mu hikimar rarrabewa. Amin.